Wuta Ba Ta Kashe Illar Gyaɗa ga Mai Borin Jini

An daɗe ana cewa idan gyaɗa ta dahu sosai, yaron da jikinsa ba ya karɓarta zai iya ci lafiya. Wannan kuskure ne. Sinadaran furotin da ke tayar da borin suna jure zafi, suyar da ba a sa mai ba ma takan ƙara musu ƙarfi. Don haka kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli duk hukuncinsu ɗaya.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne inda gyaɗar ta ɓuya: yajin tsire akwai garin ƙuli-ƙuli a ciki, man gyaɗa na matsar gida yana ɗauke da ragowar furotin, haka injin markaɗen unguwa da turmin da aka daka gyaɗa jiya. Ludayi ɗaya da ya zaga tukwane biyu ya isa. A fara dafa na yaron, a wanke kayan da sabulu, ɗauraya kawai ba ta fitarwa.

A miyar taushe, maimakon gyaɗa, ƙara kabewa yana ba da kauri. Kada a yi saurin musanyawa da riɗi, shi ma yana tayar wa wasu.

Kumburin leɓe, amai ko shaƙewar numfashi bayan cin abinci, a garzaya asibiti nan take, allurar adirenalin ce maganinsa.