Haɗa ɗan kumbo mai inji da ake aiko maka kayansa wata-wata: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya ga bidiyon irin ɗan kumbon nan a YouTube, an danna rimot fukafukansa sun buɗe da kansu, injinan bayansa sun kama da ja, abun da yake fara tambaya shine a ina ake sayarwa kuma nawa ne. Toh ba a haɗe ake sayar da shi ba, kai zaka haɗa abunka da hannunka, kuma kayan ma ba rana ɗaya suke zuwa ba.

Wai yaya tsarin yake?

Kamfanin buga mujallu ne zai ɗauki samfurin abu guda babba, ko mota ko jirgin ruwa ko kumbo, ya rarraba shi gida ɗari ko fiye, sai duk sati ya fitar da mujalla ɗaya da 'yar leda ko kwali a jikinta mai ɗauke da wasu sassa, cikin mujallar kuma akwai hotuna ɗaya bayan ɗaya na yadda zaka haɗa abun da ya zo a wannan satin. A Ingila da Italiya da Japan mutum yana iya zuwa shagon jarida ya saya sati-sati, ko kuma ya yi rajista ana cirar kuɗi a katinsa ana aiko masa kamar kashi huɗu a dunƙule duk wata. Kashi 100 a sati-sati kaga saura kaɗan ya cika shekara biyu kenan.

Wanda ya fi suna a harkar shine De Agostini na Italiya, wanda masanin ƙasa Giovanni De Agostini ya kafa a 1901, da buga taswira aka fara saninsu, hedikwatarsu tana Novara. Akwai Hachette na Faransa, a da kuma akwai Eaglemoss na Ingila wanda za mu zo kan labarinsa a ƙasa.

Kumbon gaske ne aka kwaikwaya?

Waɗanda suka fi tashe na fim ne. De Agostini ya fitar da Millennium Falcon na finafinan Star Wars a 2015, kashi 100, tsawonsa wajen santimita 80, nauyinsa ya haura kilo goma, kuma abun da ya ja mutane shine girmansa ɗaya da samfurin inci 32 da ILM, kamfanin da yake haɗa dabarun hoto a finafinai, ya ƙera aka ɗauki fim ɗin Star Wars na 1980 da shi. Don a wancan lokacin ba kwamfuta ake sa wa ta zana kumbo ba, ƙera shi ake yi da hannu a ajiye, kyamara ce take zagaya shi a hankali har ya fito kamar yana gudu a sarari. Shi Falcon ɗin ƙofar hawansa ce mai inji, tana sauka tana ɗagawa. Daga baya suka kawo X-wing, shi ma kashi 100, a ma'aunin 1:18, wato duk santimita ɗaya a hannunka tana matsayin 18 a girman da labarin ya ba shi. Shine mai fukafukai huɗu da inji yake buɗe su su zama alamar X, ga wuta a injina, ga ɗan mutum-mutumin nan R2-D2 a bayan matuƙi.

Nawa ake kashewa?

Ba ƙaramin kuɗi bane, gara a faɗa tun yanzu. Lokacin da Falcon ya fito a Ingila a 2015 kowane kashi fam 8.99 aka sayar, in ka lissafa ɗari ka doshi fam 900, ban da fenti da kayan aiki da wurin ajiya. Kashi na farko kuwa kullum araha ake sa masa, kuma da gangan ake zuba masa sashe mai kyan gani don ya shiga ranka. Ni shawarata kada ka kalli kuɗin kashi na ɗaya sam, ɗauki kuɗin kashi na biyar ka ninka da yawan kashin gaba ɗaya, in zuciyarka ta ɗauki wannan jimlar toh bismillah. Abun kamar adashe ne wanda kai ne ɗaukar ƙarshe, in ka tsaya a zubi na sittin ba ka da rabin kumbo, tarin roba da ƙarfe kake da shi a kwali wanda ba mai saya da daraja.

Sai na iya gyaran lantarki kafin in fara?

A'a. Wayoyin da soket ɗinsu suke zuwa, cusawa kawai zaka yi a fanel inda hoto ya nuna, ba ruwanka da dalma. Kayan aikin ma kaɗan ne, ƙaramin sukundireba mai baki gicciye, matsefata, 'yar wuƙa mai kaifi, da fitila mai haske sosai a kan tebur. Sau da yawa suna haɗo sukundireba a kashin farko-farko, amma ka nemi naka mai kyau wanda bakinsa ya zauna daram a kan noti.

Toh ina wahalar take?

A notuna, wallahi. Ƙanana ne sosai, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, kuma kala-kala ne da ido ba zai bambance su ba. Eaglemoss a lokacinsa haruffa yake sa musu, irin su AP da BP na roba ne, AM da BM na ƙarfe. In ka sa na roba a ramin ƙarfe zai cije a rabin hanya, ka matsa kansa ya cinye ko ya karye a ciki, fitar da shi kuwa sai ka yi da gaske. Shi yasa ranar da kaya suka iso, kafin ka taɓa komai ka zuba kowane iri a nasa ɗan gidan ka rubuta harafinsa, irin robar nan ta ajiye magani mai ɗaki-ɗaki tana yin aikin, kuma ka yi aiki a kan faranti ko farin tawul don in ɗaya ya faɗi kada ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera.

Ramukan jikin ƙarfen yawanci ba su da zare, notin ne yake yanka wa kansa hanya. Dabarar ita ce ka fara ɗaura shi shi kaɗai ba tare da ɗaya sashen ba, ka ɗiga masa ɗan mai kaɗan a baki, ka juya rabi ka dawo baya, ka juya ka dawo, har ya kai ƙasa, sai ka kwance shi ka share garin ƙarfen sannan ka haɗa sassan biyu. A roba kuma in zaka mayar da notin da ka taɓa kwancewa, fara juya shi baya a hankali har ka ji ɗan ƙas a yatsanka, ya faɗa tsohuwar hanyarsa kenan, sannan ka ɗaure. In ba haka ba sabuwar hanya zai yanka, sau biyu sau uku ramin ya buɗe ba ya riƙo.

Yaya injin yake ɗaga fukafukan?

Ɗan injin lantarki ne da bai fi babban yatsa ba, yana juyawa da gudu sosai amma ba shi da ƙarfi, sai a haɗa shi da jerin giya masu haƙora, ƙarama tana juya babba, kowace tana rage gudun tana ƙara ƙarfi, har ya zama abun da yake fitowa a ƙarshe a hankali yake tafiya amma yana iya ɗaga fiffike mai nauyi. A nan ne nake so mai karatu ya nutsu, don wannan akwatin giyar a can tsakiyar jiki yake zama, kuma bayan ka rufe shi wata da watanni zaka yi kana ɗora wasu sassan a kansa. Ranar da ka gama, ka danna rimot ka ji inji yana kuka fiffike bai motsa ba, ko ka ji ƙaf-ƙaf-ƙaf haƙora suna tsallake juna, toh sai ka warware aikin rabin shekara kafin ka kai inda matsalar take.

Saboda haka gwada komai kafin ka rufe. Kafin ka sa inji juya giyar da yatsa ka ji ko akwai inda take cijewa, duba haƙoran ko akwai ɗan tsiron roba da ya rage daga wurin zubi ka kankare shi, shafa ɗan giris wanda ba ya cin roba, irin na silikon, kaɗan ba cikawa ba. Kada ka ƙulle notunan akwatin tamau don matsi kaɗai yana iya hana giya juyawa. In an ba ka ɗan akwatin batir na gwaji ka yi amfani da shi a kan kowane ƙwan LED ranar da ya zo, ba sai ranar da za a saka shi ba, don in matacce ne a lokacin ne kamfani zai fi saurin canza maka. Sannan duk lokacin da zaka haɗa ɓari biyu na jiki ka leƙa gefe-gefe da tocila ka tabbatar ba waya a tsakani, wayoyin sirara ne, noti ɗaya ya bi ta kan ɗaya shikenan wutar wannan ɓangaren ta tafi. Kuma kada ka taɓa tura fiffike da hannu in inji yana haɗe, ka gaya wa yaran gida ma.

Gam da fenti fa?

Yawancin sassan da fentinsu suke zuwa, kana iya barinsu haka. Masu son ya yi kama da na fim suna ƙara masa dauɗa da alamar ƙuna da tsatsa, wannan wani fanni ne daban. Abu biyu dai, kada sufa gulu ya kusanci gilashin gidan matuƙi don tururinsa yana sa roba mai garai-garai ta yi fari fat kuma ba ta dawowa, farin gam na katako ya isa. Na biyu in haske yana ratsowa ta jikin roba inda bai kamata ba, shafa baƙin fenti ta ciki.

In kamfanin ya rushe ina tsaka da haɗawa?

Ya taɓa faruwa. Eaglemoss ya durƙushe a 2022 lokacin mutane suna tsakiyar haɗa kumbon Enterprise-D na shirin Star Trek mai kashi 120, kaya suka tsaya cak, mutane suka zauna da rabin aiki a kan tebur ba su san makomarsa ba, sai daga baya Fanhome, wanda na De Agostini ne, ya karɓi aikin ya ci gaba da aikawa. Waɗannan sun yi sa'a, ba dole bane kullum a samu mai karɓa. Shi yasa ni na fi natsuwa da samfurin da an riga an gama fitar da shi har kashi na ƙarshe, ka san duk sassan suna nan a duniya, kuma waɗanda suka riga ka sun sa bidiyon kowane mataki da inda suka sha wuya.

Wanda yake Kano ko Yamai zai iya samu?

Zai iya amma da ɗawainiya. Kamfanonin nan kasuwarsu Turai ce da Amurka da Japan, hanyar da ta fi sauƙi ita ce ɗan uwa ko aboki da yake can ya karɓa a adireshinsa ya tara, a aiko a dunƙule. Ka sa kuɗin dako da na kwastam a lissafi, da tashin canji, don kuɗin wata-wata da fam ko dala ne kuma shekara biyu ba kwana biyu ba ce. Ka roƙi mai karɓar ya riƙa buɗe kowane kwali yana duba lambar kashi da ko wani abu ya fashe, don in sai bayan wata shida ka gano babu kashi na 47 canjin zai yi wuya. In saye na hannu zaka yi a eBay ka nemi hoton kowane kashi da ledarsa a rufe.

In an gama a ina za a ajiye?

Ka tanadi wurin tun kafin ka yi rajista, abu ne mai faɗi, ba kan talabijin za a ɗora shi ba. A wajenmu ƙura ce babbar matsala, musamman da hunturu, tana shiga giya ta haɗu da giris ta zama kamar yashi tana cin haƙora, don haka a kai wa mai gilashi awo ya yanka masa akwati, a bar sarari sama da ƙasa yadda fukafukan za su buɗe ba su taɓa komai ba. A nesanta shi da taga don rana tana kashe fenti tana lanƙwasa roba. In da adafta yake aiki ka karanta jikinta ko an rubuta 100 zuwa 240, in 110 kaɗai ce ta Amurka kada ka cusa ta a soket ɗinmu, kuma ka zare ta in an ɗauke wuta kafin a dawo da ita. In batir ne kuma zaka yi wata ba ka kunna ba, cire su ka ajiye daban, don in suka zubo a ciki sai ka canza gidan batir ɗin gaba ɗaya.