Illar magungunan ciwon daji ga zuciyar yara

Illar magungunan ciwon daji ga zuciya rauni ne da ke samun tsokar zuciyar yaro sakamakon magungunan da ake ɗura masa don kashe ƙwayoyin sankara. Mafi yawan wannan rauni daga dangin magunguna guda yake fitowa, waɗanda ake kira antirasaikilin, musamman doksorubisin da daunorubisin. Jajaye ne, har fitsarin yaro kan yi ja na kwana ɗaya ko biyu bayan ɗuri, abin da kan tayar wa iyaye hankali alhali launin maganin ne kawai.

An samo daunorubisin a farkon shekarun 1960 a Italiya da Faransa, daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a cikin ƙasa. Doksorubisin ya biyo baya, Amurka kuma ta amince da shi a 1974. Har yau da su ake yaƙar sankarar jini, da ta ƙashi, da ta kaluluwa, da ƙarin ƙoda na yara da ake kira Wilms, don haka ba a iya rabuwa da su.

Maganin yana haɗuwa da sinadarin ƙarfe a cikin ƙwayoyin zuciya ya haifar da guba, yana kuma taɓa wani sinadari da ke kula da ƙwayoyin gado. Gashi da ɓargo suna farfaɗowa bayan an gama magani, amma ƙwayoyin tsokar zuciya da ƙyar suke sabuntuwa. Ƙwayar da ta mutu ta tafi ke nan. A nan yaro ya bambanta da babba: jikinsa zai ci gaba da girma, zuciyar da aka rage wa ƙarfi kuma ita ce za ta ɗauki nauyin jikin baligi. Bangon ɗakinta na hagu sai ya yi siriri, bugunta ya yi rauni.

Shi ya sa illar kan daɗe a ɓoye. Wata takan bayyana cikin makon ɗuri, wata cikin shekarar farko, amma wadda aka fi tsoro sai bayan shekara 10 ko 20. A 1991 Steven Lipshultz da abokan aikinsa a Boston suka duba yara 115 da suka warke daga sankarar jini, suka tarar kashi 57 cikin 100 suna da wata matsala a zuciya. Alamun, idan sun zo, su ne haki, saurin gajiya da kumburin ƙafa. Ƙananan yara kuwa sau da yawa ciwon ciki da ƙin abinci ne ke fara nunawa.

Babban abin lura shi ne jimillar maganin da yaro ya samu tun daga farko. Wanda ya kai miligiram 250 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki yana cikin rukunin haɗari babba, ko da yake ƙasa da haka ma ba tabbacin tsira ba ne. Haɗarin ya fi yawa ga 'yan ƙasa da shekara 5, da 'yan mata, da waɗanda aka gasa wa ƙirji da hasken da ke kashe ƙwayoyin sankara.

Akwai maganin kariya, deksrazoksen, da ake bayarwa gab da ɗuri. Hukumar magunguna ta Turai ta hana ba yara shi a 2011 saboda fargabar ya jawo wata sankarar, sannan ta sassauta a 2017 ga masu karɓar magani mai yawa.

Bayan warkewa ana duba zuciya da na'urar hoto mai amfani da sauti, wato eko, kusan duk shekara biyu ga masu babban haɗari, har tsawon rayuwa. Idan rauni ya bayyana akan ba da magunguna irin su enalafiril da kabedilol, idan ya tsananta a yi dashen zuciya. Matan da suka yi wannan jinya suna yara ana so a duba su kafin ɗaukar ciki ko a farkonsa, domin juna biyu na ƙara wa zuciya aiki sosai. Likitan da zai duba su zai nemi takardar da ta nuna sunan maganin da jimillarsa, don haka ake shawartar iyaye su karɓe ta ranar sallama su adana.