Waiwaye: Sojojin da Har Yanzu Ba a Zuba Ba

A Turai da Amurka akwai manyan mutane, wasu ma da jikoki, da ke sayen ƙananan sojojin dalma ko na roba waɗanda tsayinsu bai kai ɗan yatsa ba. Sukan shafe makonni suna yi musu fenti, sannan su jera su kan teburi su sake buga yaƙe-yaƙen tarihi da tef ɗin awo da ɗan lido. Cikinsu akwai waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga Turai ta tsakanin wajen 1500 zuwa 1700, zamanin dogon mashi da bindiga mai lagwani. Kukan waɗannan bai canja ba tun shekaru da dama: kamfanoni na ta maimaita sojoji iri ɗaya, alhali rundunoni masu yawa na wancan zamani ko mutum guda ba a zuba musu ba.

Wasan kansa ya girmi kamfanonin. A 1824 wani hafsan Prussia mai suna Reisswitz ya gabatar wa shugabannin soja wasan koyon dabarun yaƙi a kan taswira, amma da 'yan ƙarafa masu kusurwa ake yin sa, babu siffar mutum. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki, abin da ya karya farashinsu. Da irin waɗannan marubucin Ingila H. G. Wells ya tsara dokokin wasansa a 1913, inda ake harba 'yar igwar wasa a kayar da soja. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Donald Featherstone a Ingila da Jack Scruby a Kalifoniya suka yaɗa abin, kamfanin Airfix kuma ya cika shaguna da sojojin roba masu araha. To amma yaƙin Napoleon da yaƙin basasar Amurka da na Hitler su suka cinye kasuwar. Zamanin mashi da bindiga sai a 1973 ya samu ƙungiyarsa, Pike and Shot Society, sannan a 1976 dokokin George Gush suka fito, masu ɗauke da shekarun 1420 zuwa 1700.

Tun daga lokacin aka san inda ma'aunin ya rinjaya. Yawancin masu ƙera sojojin nan 'yan Ingila ne, da dama ma a birnin Nottingham da kewayensa suke, masu sayensu na farko kuma maƙwabtansu ne. Saboda haka yaƙin basasar Ingila da ya ɓarke a 1642 ya samu gata: sojan Sarki Charles, sojan majalisa, ɗan Scotland mai shuɗiyar hula, duk wanda kake so akwai, a kowane girma. Yaƙin Shekara Talatin na 1618 zuwa 1648, da aka gwabza galibi a Jamus, wanda ya fi shi girma da ɓarna nesa ba kusa ba, ya daɗe yana cin ragowa. Sau da yawa sojan da aka zuba domin fagen Naseby na yaƙin Ingila shi ake sauya wa fenti a tura shi fagen Breitenfeld ko Lützen na Yaƙin Shekara Talatin ya zama ɗan Sweden.

Ba rowa ce kawai ba, akwai dalili na sana'a. Sojan ƙarfe ana zuba shi ne a mazubin roba mai juyawa, wanda ba shi da tsada, har mutum ɗaya a ɗakin bayan gida zai iya fitar da kaya. Sojan roba mai tauri kuwa sai an sassaƙa masa mazubi na baƙin ƙarfe, kuma wannan na lashe dubban fam kafin a sayar da kwali ko ɗaya. Lokacin da tagwaye masu sassaƙa sojoji, Alan da Michael Perry, suka fito da sojojin roba masu tsayin milimita 28 a 2008, da yaƙin basasar Amurka suka fara. Kamfanin Warlord Games, da aka kafa a 2007, ya bi da kwalayen zamanin mashi, ya ƙara da littafin dokoki na Pike & Shotte a 2012. Kowa na zuba abin da ya tabbata zai fita. Tarihin ma ya ba su mafaka, domin a mafi yawan wannan zamani babu kakin soja na bai ɗaya. Sojan haya na sa abin da ya samu ne, sai ɗamara mai launi ko alama a hula ke nuna ɓangarensa. Kamfani sai ya ce ai soja ɗaya ya isa runduna biyar.

Masu wasan ba su yarda ba, kuma suna da gaskiya. Tufafin 1525, lokacin yaƙin Pavia a Italiya, da tsagaggun hannayen riga da gashin tsuntsu a hulunan sojojin hayan Jamus, ba su da alaƙa da na 1640. A tsakani akwai wani babban giɓi: rabin ƙarshe na ƙarni na 16. Nan ne yaƙe-yaƙen addini na Faransa, 1562 zuwa 1598, da farkon tawayen Holan kan Sifaniya a 1568, da baraden Jamus masu baƙin sulke da ƙananan bindigogi. A nan ne kuma yaƙin Alcácer Quibir na 1578, inda Maroko ta murƙushe Portugal har Sarki Sebastian ya mutu. Wanda ya samu 'yan bindigar Maroko na wannan fage, ya samu rabin abin da yake buƙata domin Tondibi ta 1591, inda suka karya Songhai. Akwai 'yan ƙarfe nan da can, amma cikakken jeri a roba yana wuyar samu.

Gabashin Turai kuwa 'yan can ne suka gaji da jira. Kowane kamfani na son zuba baraden Poland masu fuka-fukai, domin suna da kyan gani, amma runduna ba barade ba ce kaɗai. Kamfanin Wargamer na Poland ya fito da jerinsa na milimita 15, inda aka ga Kosak da Tatar da 'yan Mosko da Transylvania da dakarun Daular Usmaniyya a wuri guda, kowa da kamanninsa.

A ganina giɓin da ya fi kowanne girma ba na wata ƙasa ba ne. Yaƙin wancan zamani yawancinsa ƙawanya ce ga garuruwa masu ganuwa, ba karo a fili ba. An yi fiye da shekara 3 ana ƙawanya ga garin Ostend, daga 1601 zuwa 1604. Ta garin Breda ta ci watanni daga 1624 zuwa 1625. Masu wannan aiki su ne masu haƙa rami da shebur da diga, masu saƙa kwandunan da ake cika wa ƙasa domin kare igwa, da dawakai da shanun da ke jan igwar cikin taɓo. Bayan kowace runduna kuma akwai ayarin kaya: matan sojoji da 'ya'yansu, masu wanki, masu sayar da abinci da giya, maƙera, wanzamai masu yanke ƙafar da harsashi ya lalata. Wani lokaci yawansu kan kai na sojojin, har ya wuce. Duba kundin kayan kamfani, za ka ga shafuka na masu mashi, sannan can ƙarshe amalanke ɗaya da mace ɗaya riƙe da tulu. Dalili a fili yake: mai wasa na sayen masu mashi 100, amma mai wanki ɗaya ta ishe shi, kuma yawancin dokoki ba su ba ta abin yi a teburi ba.

Abin da ya fara sauya lissafin shi ne na'urar buga siffa ta 3D. Yanzu mai sassaƙa zai zana soja a kwamfuta, ya sayar da fayil ta intanet, mai saye ya buga shi a gida a girman da yake so, ba tare da mazubi ba. Wasu kuma na tara kuɗin jeri tun kafin a ƙera shi ta shafin intanet na Kickstarter, inda masu so ke biya tukuna. Ta wannan hanya manoma masu tawaye da lauje, da masu haƙa rami, da ƙananan rundunonin da babban kamfani ba zai kalla ba, sun fara bayyana. Sai dai kayan bugun na da saurin karyewa, musamman siririn mashi, ga wankewa da busarwa da wari, kuma girman sojan wannan mai zane ba lallai ya dace da na wancan ba. Shi ya sa da yawa har yanzu kwalin roba suke roƙo: na Faransa ta 1570, da na ayarin kaya.