Kare ma'aikatan lafiya daga ƙanjamau bayan haɗarin jini a bakin aiki

Kariyar bayan haɗari, wadda likitoci ke kira PEP, magani ne da ake ba ma'aikacin lafiya idan allurar da aka yi wa majiyyaci ta soke shi, ko jini ya fantsama masa a ido, ko baki, ko kan rauni, domin a hana ƙwayar HIV zama a jikinsa. Ana fara shan sa da wurwuri, cikin awannin farko idan da hali, kada a wuce awa 72, sannan a ci gaba kullum har kwana 28. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita shi ne tenofovir da lamivudine da dolutegravir, ƙwaya ɗaya a rana.

Haɗarin kamuwa bai kai yadda ake tsoro ba. Cikin mutum 1,000 da allura mai jinin mai cutar ta soka, kusan 3 ne ke kamuwa. Ta ido ko baki kuwa kusan 1 ne. Haɗarin yana ƙaruwa idan sukar ta yi zurfi, ko allurar ta fito daga jijiya, ko ƙwayar cutar ta yi yawa a jinin majiyyacin. Fata mai lafiya ba ta barin ƙwayar ta shiga. Wani bincike da aka buga a 1997 ya nuna wani maganin HIV mai suna zidovudine shi kaɗai ya rage kamuwa da kusan kashi 81 cikin 100.

Da zarar abin ya faru, sai a wanke wurin da sabulu da ruwa. Ba a matsawa, ba a tsotsa, ba a zuba bilic. Ido kuma a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta. Daga nan a sanar da shugaban asibiti, a gwada ma'aikacin, a gwada majiyyacin da yardarsa. Idan sakamako zai ɗauki lokaci, a fara maganin tukuna. Ana sake gwaji bayan makonni, da kuma bayan wata 3. Ana duba ciwon hanta nau'in B ma, domin ya fi ƙanjamau saurin kamu ta allura nesa ba kusa ba, kuma yana da allurar rigakafi.

A karkarar Kano da Jigawa, lokaci shi ne babbar matsala. Ungozoma tana karɓar haihuwa da tsakar dare da fitilar waya, tana ɗinki, allura ta shige safar hannu. Maganin kuwa galibi yana babban asibiti, tafiyar babur ce, da damina ma hanya na iya yankewa. Binciken ƙasa na 2018 ya sami kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 ɗauke da cutar, Jigawa kuma na cikin jihohin da ta fi ƙaranci. Wannan ba dalilin sakaci ba ne, tunda ba a gane mai ita da ido. Kunya ma na sa wasu su yi shiru har awa 72 ta shige, alhali wata dokar Nijeriya ta 2014 ta haramta nuna wa mai cutar wariya a wurin aiki.

Yawancin sukar kuwa ana iya kauce mata. Mayar wa allura murfi da hannu biyu na cikin abubuwan da suka fi jawo ta. Kamata ya yi a jefa ta kai tsaye cikin kwalin allurai, a rufe shi kafin ya cika. Masu shara da masu wankin zannuwan gado su ma suna gamuwa da allurar da wani ya yar, kuma haƙƙinsu na samun maganin daidai yake da na likita.