Kafin marka ta kankama: yadda za a raba rumfar leda da kwanciyar ruwa

Masu rumfar leda ta noman tumatir da tattasai a Garwa da Marwa da kewayen Yagwa a arewacin Kamaru, wannan kiran naku ne. Duk shekara idan Agusta ta shigo, koke ɗaya muke ji: shuka ta yi yaushi alhali ƙasa jiƙe take sharkaf, ganyen ƙasa ya koma rawaya, mai lambu kuma ya ƙara ban ruwa ko ya nufi kasuwa neman maganin feshi. Kafin ku kashe ko sisi, ku tumɓuke gindi ɗaya ku duba. Saiwa mai lafiya fara ce tas. Idan ta yi duhu, tana saɓulewa a yatsa, tana wari, to iska ta rasa. Saiwa tana shaƙar iskar da ke cikin ƙananan kafofin ƙasa, idan ruwa ya cike su sai ta shaƙe. Tumatir ba ya jure kwana biyu a haka.

Abin da ya fi cutar rumfa shi ne ruwan rufinta. Ga lissafin: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rumfa mai faɗin mita 8 da tsawon mita 20, idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a daminarmu, rufinta zai zubo da lita 8,000. Duro 40 ke nan, kuma dukansu a gindin ƙafafun rumfar suke sauka, daga nan su silale ciki. Don haka a fara da indararo. A tsaga bututun roba mai faɗin santimita 10 ko fiye gida biyu, a ɗaura shi a bakin rufi ta kowane gefe, ya riƙa sauka da kamar rabin santimita zuwa santimita 1 a kowace mita, a tallafe shi duk bayan mita guda don kada ya lotsa. Wanda ke da tanki ya tara, amma ya bar wa tankin bututun ambaliya da zai kai rarar cikin magudana. Wanda rumfarsa mai baka ce, ba ta karɓar indararo, ya haƙa ɗan lambatu daidai inda ruwan ke ɗiga, ya shimfiɗe shi da tsakuwa.

Sai ruwan da ke gangarowa daga tudu. A tare shi tun bai iso ba: rami a gefen sama, mita 2 daga rumfa, zurfin santimita 40, baki santimita 60, gindi santimita 30. Ƙasar da aka haƙo a zuba ta a bakin ramin ta ɓangaren rumfa a daddanne, ta zama shinge na biyu. Bangon ramin ya kwanta, kada ya miƙe tsaye, in ba haka ba ruwan farko zai rufta shi. A dasa jema ko gamba a bakinsa, saiwarsu tana riƙe ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara haƙa daga jikin rumfa ba a san inda ruwan zai je ba. Daga mafita ake farawa, a haƙo zuwa sama. Ku fita lokacin da ake ruwa ku ga inda yake bi da kansa, ku kafa turaku. Ido yana yaudara a filin da ya yi kama da faranti, musamman a kwarin kogin Logone, saboda haka a auna. Tiyo mai haske, irin wanda magina ke aiki da shi, mita 10, a cika shi da ruwa ba kumfa: ruwan bakinsa biyu kullum a daidai yake tsayawa, don haka bambancin tsayin ruwan daga ƙasa a bakunan biyu shi ne gangarar wurin. A kowace mita 10 gindin magudana ya sauka da santimita 10. Idan bai kai rabin haka ba, laka za ta kwanta ta toshe shi. Idan ya zarce sosai, ruwan zai yi ta cin ƙasa har ya zama kwazazzabo. Kuma don Allah kada mafitar ta kasance gonar maƙwabci ko gindin katangarsa. A zauna da shi a shata hanya ɗaya zuwa kwalbati ko rafi.

Yanzu ƙasar kanta. A haƙa rami mai zurfin santimita 40 kusa da rumfa, a cika shi da ruwa, a bari ya tsotse, a sake cikawa, a sa sanda a auna. Idan yana raguwa da santimita 2 zuwa 3 a awa, ƙasar tana sha. Idan gari ya waye ruwan na nan, laka ce mai riƙo. Baƙar ƙasar nan da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa dawar rani ta muskuwari a cikinta, haka take: da rani ta dare har hannu ya shiga, da ta sha ruwa ta kumbura ta rufe ruf. A irinta, ramin tsotse ruwa da ake cika wa duwatsu ba ya aiki, rijiya kawai aka yi wa sauro. Magani a nan shi ne a ɗaga shuka sama. Kunya ta kai tsayin santimita 30, faɗin mita 1, daɓen rumfar kuma ya fi na waje tudu da aƙalla santimita 15, ƙasar waje ta gangara daga jikin rumfa har mita 2. A cakuɗa ƙasar kunya da ruɓaɓɓen takin shanu da ɓuntun shinkafa, wanda ba ya wuya a Yagwa da Maga. Kada a zuba yashi kaɗan a laka da sunan sassauta ta, daskarewa take yi kamar bulo. Kumburi da motsin wannan ƙasa suna kuma karkatar da ƙafafun rumfa, shi ya sa ake binne su santimita 60 cikin kankare tun ran gini.

Magudanar ƙarƙashin ƙasa ta fi dacewa da ƙasa mai ɗan yashi, kuma sai an sami mafita da ta fi ta zurfi. Rami faɗin santimita 30, zurfin 60. A shimfiɗa tsohon gidan sauro ko buhunan albasa, a zuba wankakkiyar tsakuwa santimita 5, a ɗora bututu mai faɗin santimita 10 da aka huhhuda, hudojin suna kallon ƙasa, domin daga ƙasa ruwa ke tasowa ya shiga. A rufe da tsakuwa, a naɗe ragar a kai, sannan ƙasa. Tsakuwa mai ƙura ita ke kashe wannan aikin cikin damina ɗaya. A sa wa bakin bututun ragar waya saboda ɓera da kwaɗi. Inda kuwa ruwan rijiya ke tasowa har kusa da baki a Satumba, kamar fadamun gaɓar Binuwai, bututu ba shi da inda zai zubar. A koma shuka a buhu ko bokiti da aka huda, a ɗora a kan bulo.

Duk wannan aikin Afrilu da Mayu ne. Wanda ruwa ya riga ya cim masa, ya buɗe hanya da shebur a yau, ya ɗage ledar gefe iska ta ratsa, ya dakatar da ban ruwa da takin zamani har ƙasa ta sha iska, ya kuma daina taka tsakanin shuka tana jiƙe. Ruwan da ya kwana bakwai a wuri ɗaya ya isa sauro ya ƙyanƙyashe, a kwashe shi.

Idan an gyara amma tumatir ya ci gaba da yaushi da ganyensa kore shar, a yanke kara kusa da gindi a rataya shi cikin kofin gilashi mai ruwa garau. In aka ga wani farin abu yana zirarowa kamar zaren madara cikin 'yan mintuna, cutar yaushi ce ta ƙwayoyin bakteriya, kuma ruwa ne ke ɗaukar ta daga kunya zuwa kunya. Feshi ba ya warkar da ita. A tumɓuke gindin da ƙasarsa a fitar a ƙone, a wanke wuƙa da fartanya da ruwan bilic, a toshe hanyar ruwan wannan kunyar daga sauran, kuma kada a mayar da tumatir ko tattasai ko gauta wurin har na wasu shekaru. A sa masara ko albasa.