Ɗan sha'awa a tsakiyar ƙwararru: tambayoyi da amsoshi kan tseren keken hawan dutse

Tun da wayoyi suka fara kawo mana bidiyon mahaya keke suna gangarowa daga kan duwatsu, samarin ƙauyukan gefen Dutse da Birnin Kudu suka samu abin musu a rumfar mai gyaran keke. Wasu su ce haɗin kwamfuta ne, wasu su ce da za a ba su irin wannan keke, da sun nuna wa duniya. Tambayar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta wanda ya ce: idan mutum irinmu, wanda keke ba sana'arsa ba ce, ya je ya tsaya a layi ɗaya da ƙwararru, me zai same shi daga Juma'a zuwa Lahadi? Ga ita nan tare da 'yan'uwanta.

Malam, me ya bambanta wannan tsere da na kan kwalta?

Hanya ce ta bambanta su. Wannan a kan turba ake yin sa, cikin duwatsu da saiwoyin bishiya da kwazazzabai, wani wurin faɗinsa bai wuce keke ɗaya ba. Wasu samari ne suka fara shi a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka cikin shekarun 1970, da tsofaffin kekuna masu nauyi waɗanda suka yi wa kwaskwarima da hannunsu. A 1976 suka fara auna lokacin gangarowa daga wani tudu, birkin yana zafi har man cikinsa ya ƙone. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a garin Durango na Amurka a 1990, sannan wasan ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996.

Kala-kala ne. Akwai na zagaye, wanda ake yi a Olamfik: a shata hanya mai kilomita 4 zuwa 6, a yi ta kewaya ta wajen awa ɗaya da rabi. Akwai na dogon zango, daga kilomita 60 zuwa sama. Akwai na gangara zalla, mutum ɗaya-ɗaya, cikin 'yan mintuna an gama.

To wanda ba ƙwararre ba, ana barinsa ya shiga?

Ya danganta da gasar. Gasar cin kofin duniya ƙofarta a tsuke take, sai mai maki a jadawalin UCI ko wanda ƙungiyarsa ko ƙasarsa ta tura. Amma a ƙananan gasanni da na cikin ƙasa, wanda ya kai shekara 23 kuma yake da lasisi daga hukumar tseren keke ta ƙasarsa yakan iya sa sunansa a rukunin manya. Ta haka malamin makaranta ko bakanike yake tsintar kansa kafaɗa da kafaɗa da mutumin da ake biya albashi don ya hau keke.

A tseren dogon zango abin ya fi sauƙi. Dubi Cape Epic ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 2004. Kwana takwas ake yi, mutum biyu-biyu, kuma doka ce abokan tafiya kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce minti biyu. Zakarun duniya da 'yan sha'awa hanya ɗaya suke bi, ƙura ɗaya suke sha, sai dai waɗancan sun yi wanka sun ci abinci kafin waɗannan su iso.

Yaya kwanakin suke tafiya?

A tseren zagaye na Juma'a zuwa Lahadi, ranar farko ta rajista ce da duba hanya. A karɓi lamba a ɗaura a gaban keke, sannan a shiga fili. Mai hankali da ƙafa yake fara bin wuraren da suka yi tsauri. Zai tarar da wani gangare da aka jibge da duwatsu, ya tsaya a gefe yana lissafin inda taya za ta bi, sai ga ƙwararre ya zo ya wuce ta kai ko birki bai taɓa ba, kekensa yana rawa a ƙarƙashinsa amma kansa bai motsa ba. A nan ne gaban ɗan sha'awa yake fara faɗuwa. Masu shirya gasa sukan bar hanya biyu a irin wannan wuri: gajeriya mai haɗari, da ta kewaye mai cin daƙiƙu. Shawarata ga baƙo ita ce ya zaɓi ta kewaye tun ranar, ya daidaita zuciyarsa a kai. Daƙiƙa biyar da zai rasa ba su kai karyewar ƙashin wuya ba.

Rana ta biyu ta maimaici ce da gyaran keke. A wasu gasannin akan yi ɗan gajeren tsere na kimanin minti 20. Ƙwararre yana gama atisaye zai miƙa keke ga bakanikensa, ya je ya kwanta a yi masa tausa. Ɗan sha'awa shi ne mahayi, shi ne bakanike, shi ne mai dafa abinci. Da dare yana tsugune da tocila a baki yana goge sarƙa yana duba birki, ga kuɗin masauki yana ci masa rai.

Ranar tsere ana kiran suna ne bisa maki. Masu maki su cika sahun gaba, wanda ba shi da ko ɗaya ya tsaya can ƙarshe. Da an busa, kowa zai fita da iya ƙarfinsa, domin 'yan mitoci kaɗan a gaba hanya za ta tsuke ta zama ta mutum ɗaya. Na gaba su wuce sumul, na baya su cunkushe, har wani ya sauke ƙafa ya tura. Kafin ɗan sha'awa ya fita daga wannan cunkoso, na gaba sun ba shi tazarar da ba zai sake ganin ƙeyarsu ba. Abin da ya rage masa shi ne tsere da mutum uku ko huɗu da ke kusa da shi, da kuma agogo.

An ce har cire mutum ake yi ana tsakiyar tsere. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ce dokar da ta fi cin 'yan sha'awa. Ana kiranta dokar kashi 80. Alƙalai sukan ɗauki lokacin da na gaba ya yi a zagayen farko, su fitar da kashi 80 cikin 100 nasa. Duk wanda tazararsa da na gaba ta wuce wannan, a tsayar da shi a fitar da shi daga hanya. A ce na gaba ya yi zagaye a minti 12. Da zarar ka zama kana bayansa da fiye da minti 9 da daƙiƙa 36, taka ta ƙare. Idan a kowane zagaye yana ba ka minti 3, a zagaye na huɗu za a ɗaga maka hannu.

Dalilin dokar shi ne kada na gaba su zagayo su tarar da na baya a matsattsen wuri, a yi karo ko a tare musu hanya. Ana rubuta sunan wanda aka cire a sakamako, tare da adadin zagayen da suka rage masa. Shi ya sa burin ɗan sha'awa na farko shi ne ya ga an buga ƙararrawar zagayen ƙarshe yana kan kekensa. Wanda ya samu haka a cikin ƙwararru ya yi abin a yaba masa.

Mu da muke ɗora buhun gero a kariya mu kai kasuwar Shuwarin ko ta Sara, a ce ba za mu iya da su ba?

Ɗan'uwa, ƙarfinka ba abin rainawa ba ne, kuma ina faɗin haka har cikin zuciyata. Yaron da ya tashi yana taka keke cikin rairayi da jarkoki huɗu na ruwa yana da ƙafa da juriyar da yaran birni da yawa ba su da ita. Ya san yadda ake ratsa yashi: a mayar da nauyi baya, a sassauta riƙon kai, kada a daina taka feda. Wannan darasi ne da wasu sai an koya musu.

Amma tseren yana neman abu uku da kai kaya kasuwa ba ya koyarwa. Na farko gangara. Mu mun saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, idan muka ga gangare sai mu danne birki mu ƙame a kan sirdi. Ƙwararre tashi yake yi daga sirdi, ya lanƙwasa gwiwa da gwiwar hannu, ya sauke dunduniya, idonsa yana can gaba inda zai bi, yatsa ɗaya a kan kowane birki. Ya san birkin gaba ne ya fi tsayar da keke, ya kuma san wanda ya cafke shi da ƙarfi a gangare ta saman kan keke zai wuntsila. Mintunan da ake rasawa a gangara da kwana ba a maido su da ƙarfin cinya.

Na biyu rabon ƙarfi. Duk wanda ya taɓa noman ƙwadago ya san mai fara kunya da gaggawa da asuba ba ya kai hantsi. Haka tseren yake. Ɗan sha'awa yakan biye wa ƙwararru a zagayen farko, a na uku ƙafa ta ɗaure, numfashi ya ƙi isa, daga nan sai kuskure a kan dutse.

Na uku shi ne sabo da saurin kansa. Nino Schurter na Suwizalan, wanda ya ci gasar duniya sau 10 a tseren zagaye, tun yana yaro ya fara tsere da sa'o'insa. Wanda bai taɓa shiga kwana da mutum a damansa da hagunsa ba, ranar gasa ba ranar koyo ba ce. Dukkan ukun nan ana koyonsu, kuma wannan ne ya sa nake ganin yaranmu ba su makara ba.

Ralina zai yi?

Don atisaye a turba, zai yi. Don gasa, a'a. Keken ƙwararru nauyinsa wajen kilo 10 zuwa 11 ne, tayarsa inci 29, giya 12, birkin faifai mai aiki da mai, ga shokazoba. Tayoyin ba su da tub a ciki. Wani ruwa mai danƙo ake zubawa wanda yake toshe huda da kansa, abin da duk wanda tsidau ko ƙayar aduwa ta taɓa sa shi tura keke zuwa gida zai gane darajarsa. Iskar tayar ma kaɗan suke sawa don ta kama ƙasa, saɓanin yadda muke bugawa har ta yi tauri. Irin waɗannan kekuna na sama-sama sukan haura dala 10,000.

Kada wannan kuɗi ya kashe maka gwiwa. Keken gwanjo mai giya, irin wanda ake samu a kasuwannin Kano, ya isa a fara, muddin ƙarfensa bai tsage ba kuma birkinsa biyu suna kamawa. Hular kwano kuwa dole ce. Babu gasar da za ta bar ka ka tashi babu ita, kuma bai kamata ka hau dutse kai a buɗe ba ko da kai kaɗai ne. Ka kuma koyi gyara da hannunka, domin a tseren zagaye ba a karɓar taimako sai a wuraren da aka keɓe. Idan sarƙa ta tsinke nesa da wurin, ko ka gyara ko ka tura.

Me suke ci suke sha? Wasu sun ce sai da ƙwaya.

Abinci mai sitaci awa uku kafin a tashi, shinkafa ko makamanciyarta, sannan ruwa da abin zaƙi kaɗan-kaɗan a kan hanya. Dabino da ruwan da aka sa wa ɗan gishiri da sukari suna yin aikin. A zafin bazararmu, lokacin da rana take haura digiri 40, atisaye sai da sassafe.

Maganar ƙwaya kuma, ina roƙon ƙannena su ji ni da kyau. UCI ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun 2019, saboda yana kawo jiri da gyangyaɗi da raunin hankali, ga kama jiki. A 2022 an soke sakamakon Nairo Quintana na Kolombiya a gasar Tour de France saboda an same shi a jininsa. Mutumin da ke gangarowa daga kan dutse hankalinsa ne yake riƙe da ransa.

Akwai ɗan Afirka da ya yi fice? Najeriya fa?

Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya ci tagulla a Olamfik ta Faris a 2024, a bayan Tom Pidcock na Birtaniya da ya ɗauki zinare, sannan a shekarar ya zama zakaran duniya a Andora. A gasar ta Faris ne kuma Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke a Olamfik, ko da yake nata na kwalta ne da na cikin filin wasa. Hukumar tseren keke ta Najeriya ita ce mai ba da lasisi, kuma ta hannun hukumar wasanni ta jiha ake fara neman hanya.

To a ina za mu fara?

Ƙasar muna da ita. Duwatsun da suka kewaye Dutse, na Birnin Kudu, tuddan Kazaure, na Rano, da Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, kowanne zai ba da zagayen kilomita 4 mai hawa da gangara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kawar da amfanin gona, sanyi ya fara shigowa, don kada a taka wa kowa shuka. A fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci a nemi izini, a sanar da makiyayan da ke bin burtalin wurin, a kuma tambayi halin tsaro kafin a nufi dajin da ba a sani ba. A Birnin Kudu a nisanci duwatsun da ke ɗauke da zanen mutanen da, kayan tarihi ne.

Sauran aikin ba shi da tsada. A bi hanyar da ƙafa a share ƙaya, a shata ta da toka ko tsumma a jikin itace, a raba yara da manya, a tsayar da mutum a kowane gangare, a ajiye mai babur da akwatin magani a kusa. Mutum biyu su riƙe agogon waya da littafi, su rubuta lokacin kowa a kowane zagaye. A adana littafin nan, domin wata mai zuwa da shi kowane yaro zai gane ko ya ƙaru, kuma shi za a ɗauka a kai ofishin wasanni idan an je neman lasisi.