Sauyin jirgi a babban filin jirgin sama

Sauyin jirgi shi ne matafiyi ya sauka a filin da ba nan ne ƙarshen tafiyarsa ba, ya jira, ya hau wani jirgin. Manyan kamfanoni sukan tattara fasinjojinsu a gari ɗaya kafin su rarraba su: Ethiopian Airlines a filin Bole na Addis Ababa, Turkish Airlines a Istanbul, Royal Air Maroc a Kasabalanka, ASKY a Lome. Ɗan kasuwar Damagaram mai zuwa saro kaya Dubai ko Guangzhou, da ɗalibi, da mai zuwa jinya, da wuya su isa ba su yada zango a ɗaya daga cikin irin waɗannan filaye ba.

Daga Damagaram zuwa jirgin farko

Mutanen Zinder sukan kama jirgin ƙasashen waje a filin Diori Hamani na Yamai, mai nisan kilomita wajen 900, ko a filin Malam Aminu Kano, wanda bai kai kilomita 300 ba amma sai an ƙetare iyaka. Wannan zango na farko ba ya cikin tikitin jirgi. In mota ta lalace a Birnin Konni ko aka tsaya a iyaka, kamfanin jirgi ba ruwansa. Yawancin kamfanoni ma sukan soke sauran tafiyar duka, har da ta dawowa, in fasinja bai hau jirgin farko ba. Shi ya sa waɗanda suka saba sukan kwana a Yamai ko Kano kafin ranar tashi.

Tikiti ɗaya ko biyu

Wannan ne ke nuna wanda asara za ta hau kansa. In tafiyar duka tana kan tikiti ɗaya, jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, kamfani ne zai sa fasinja a wani jirgin ba tare da ƙarin kuɗi ba. Kayansa kuma galibi tun daga filin farko ake maƙala musu takardar inda za su sauka. Kowane babban fili yana da mafi ƙarancin lokacin da aka ƙayyade domin sauyi, kuma ba a sayar da tikiti ɗaya da tazarar da ta gaza haka.

Tikiti biyu, waɗanda aka saya daban-daban don neman sauƙi, ba su da wannan kariya. Fasinja zai karɓi akwatinsa, ya sake auna shi, wani lokaci sai ya bi ta wurin jami'an shige da fice, abin da kan buƙaci bizar ƙasar. Arha ce irin wadda ba ta ado, musamman ga mai ɗauke da kaya masu yawa. Ko a tikiti ɗaya, masu fasfon wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya da Ghana, sai da bizar wucewa suke sauya jirgi a filayen yankin Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya.

A cikin fili

Lokacin da ke kan tikiti na garin da filin yake ne. Istanbul, Addis Ababa da Jidda suna gaban Nijar da awa 2, Lome tana bayanta da awa 1. Ana rufe ƙofar shiga jirgi kafin lokacin tashi, sau da yawa da minti 15 zuwa 20, kuma lambar ƙofar tana iya canjawa, saboda haka allon sanarwa ake bi, ba abin da aka buga tun a Yamai ba. Sabon filin Istanbul, wanda ya karɓi dukkan jiragen fasinja daga filin Atatürk a watan Afrilun 2019, yana da girman da tafiya daga wata ƙofa zuwa wata kan ci lokaci mai yawa. Tsofaffi da marasa lafiya suna iya neman keken guragu tun wajen sayen tikiti. A yawancin filaye akan sake binciken jakar hannu, inda kwalbar ruwa ko turare da ta wuce mililita 100 ba ta wucewa.

Jinkiri da haƙƙin fasinja

A Sahel, hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu kan hana jirage sauka, haka ma guguwar damina. Siyasa ma tana yin nata: Nijar ta rufe sararin samaniyarta daga 6 ga Agusta zuwa farkon Satumban 2023.

Wanda jirgi ya wuce shi ya nufi teburin masu sauyin jirgi tun kafin layi ya yi tsawo, ya nemi sabon katin shiga, ya tambayi abinci da masauki in jiran zai kai kwana. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyyar Yuro 250 zuwa 600, wato har sefa wajen 393,000, in aka isa da jinkirin awa 3 ko fiye, sai fa in dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi. Tana aiki ne kan jiragen da suka tashi daga ƙasashen Tarayyar, ko na kamfanoninta masu shiga can. Mai tashi daga Yamai zuwa Dubai ta Addis Ababa ba ya cikinta.

In akwati bai iso ba, a cika takardar rahoto kafin a bar zauren kaya, a kuma adana ƴar takardar da aka liƙa a bayan katin shiga. A tafiyar da Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe ta shafa, ana shigar da ƙorafin lalacewar kaya cikin kwana 7, na jinkirinsu kuma cikin kwana 21 daga ranar da aka karɓe su. Magani, kuɗi, fasfo da katin rigakafin cutar shawara, a jakar hannu suke tafiya.